Mun ba su tuwo, mun karɓe musu taɓarya

Zan fara da laifina, don kada wani ya ce na zo yi wa jama'a wa'azi daga kan kujera.

Bara da kaka wata dattijuwa ta sauka gidanmu a nan Gaya, ita da jikokinta biyu. Dangin mahaifiyata ce ta nesa, daga wani ƙauye da ke kusa da iyakar jihar Kebbi. Masu bindiga sun shiga garinsu sau biyu. Zuwan farko suka ce zakka suka zo karɓa, zuwa na biyu suka kore shanun gaba ɗaya, mutane suka watse. Ta iso da ƙullin tufafi, da buta, da wata tsohuwar ƙwarya da ta ƙi bari a baya. Muka yi abin da aka koya mana tun muna ƙanana: aka share ɗaki, aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora tukunya.

Washegari da asuba na fito na tarar da ita tsakar gida riƙe da tsintsiya. Na ruga na karɓe. "Haba Inna, muna raye ki yi shara? Don Allah ki zauna ki huta." Da hantsi ta nufi turmi, ƙanwata ta karɓe taɓarya. Da la'asar ta ce a miƙo mata kuɓewa ta yanka, mahaifiyata ta ce sam, baƙonka annabinka. Haka muka yi ta yi mata, muna jin daɗin kanmu, muna ganin mun iya karɓar baƙo.

Kafin mako uku Inna ta daina fitowa daga ɗaki sai in za ta yi alwala. Tuwo, loma biyu ta ture kwano. Dare kuwa ba barci, ina jin jujjuyawarta ta bango. Kullum jiki na ciwo, yau kafaɗa, gobe baya, jibi kai. Muka kai ta likita, aka gwada jini babu zazzaɓin cizon sauro, aka ce jininta ya ɗan hau, aka ba mu ƙwayoyi muka dawo. Muka ce baƙin cikin shanu ne, sai haƙuri.

Ana nan sai wata ƙawata da muka yi lise tare ta zo ganin gida. Ita yanzu tana aikin motsa gaɓoɓin marasa lafiya a Yamai, abin da muke ce wa kine. Ta shiga gaida Inna, ta zauna bakin tabarma, ta yi mata tambaya guda wadda mu duk gidan ba wanda ya yi tunaninta: "Inna, can gida in kin tashi da asuba, mi kike fara yi?"

Wallahi matar da ta kwana ashirin ba ta haɗa magana goma ba, sai ga ta tana zuba. Yadda take tatsa kafin rana ta fito. Yadda take surfa gero ta wanke ta daka ta cura fura. Masu saye da ke zuwa tun daga bakin hanya. Tabarmar kaba da take saƙa da yamma ita da maƙwabtanta suna hira. Ta fi rabin awa tana magana, hannuwanta na yin aikin a iska. Da ta gama ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ni ban saba a ba ni ba."

Da muka fito ƙawata ta ce mini, ku ne ciwonta na biyu. Ƴan bindiga sun raba ta da garinta, ku kuma kun raba ta da yininta. Ku mayar mata da aikinta, amma a hankali, tunda kafaɗar da gaske tana ciwo. A samo ƙaramin turmi da taɓarya marar nauyi, ta zauna kan kujera, ta fara da dakan yaji da daddawa, minti kaɗan ta huta. In an ga ta jure, a ƙara. Ta ce wannan ba ainihin fanninta ba ne, yana da nasa masana, a Faransanci ana ce masa ergoterapi.

Wannan kalma ce ta sa na rubuta abin da kuke karantawa.

In za a faɗe ta da Hausa, jinya ce ta hanyar ayyukan yau da kullum. Masanin wannan fanni yana duba abubuwan da ke cika yinin mutum. Akwai kula da kai: wanka, sa tufafi, cin abinci, shiga makewayi, alwala. Akwai aikin da yake ci da shi ko gida ke tafiya da shi: noma, su, ɗinki, daka, raino, karatu. Akwai kuma abin da ke sa shi cikin mutane: hirar majalisa, dara, zuwa masallaci, biki da suna, wasa ga yaro. Idan ciwo, ko rauni, ko firgici, ko gudun hijira ya yanke mutum daga waɗannan, aikin masanin shi ne ya mayar da shi. Hanyoyinsa ba boyayyu ba ne. Wani lokaci yana horar da jiki da hankali da shi kansa aikin, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Wani lokaci kayan aikin yake canzawa, ya kauraro ƙotar cokali ko ya gajarta ta fartanya. Wani lokaci wurin yake gyarawa, a sa abin dafawa a makewayi, a rage tudun ƙofa don keken guragu ya shiga.

Bambancinsa da kine, kamar yadda ƙawata ta fayyace mini: ita takan auna iya inda hannu ke lanƙwasawa ta yi ƙoƙarin ƙara masa, shi kuma mai ergoterapi yakan tambaya me kake so ka yi da hannun, ya bi ta nan. Ana bukatar su biyun, kamar maƙeri da mai zuga.

Sana'ar ta kafu da sunanta a Amurka a 1917, lokacin da wasu likitoci da masu jinya da masu zanen gini suka kafa ƙungiyarta ta farko a garin Clifton Springs. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya ba ta ƙarfi. Sojoji na dawowa ba hannu ba ƙafa, wasu jikinsu lafiya amma ƙarar bama-bamai ta taɓa musu hankali, aka lura waɗanda aka ba saƙa ko sassaƙa a gadon asibiti sun fi saurin dawowa hayyacinsu. A 1952 aka kafa tarayyar masu wannan sana'a ta duniya, kuma duk 27 ga Oktoba ake ranarta. Ke nan tun asali, sana'a ce da yaƙi ya raina. A shekarar 2000 wata masaniya mai suna Gail Whiteford ta yi rubutu da ya shahara a fannin, kan halin da mutum ke shiga idan wani abu da ya fi ƙarfinsa ya hana shi yin ayyukan da ke ba rayuwarsa ma'ana, kuma ƴan gudun hijira suna sahun gaba a misalanta. Da na karanta sai na ga Inna a ɗakinmu, fuskarta a bango.

To me ya haɗa Gaya da wannan magana?

Ku dubi inda muke zaune. Ta gabas Kamba ce da jihar Kebbi, inda Lakurawa suka kashe mutum 15 a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024, kuma tun kafin nan da bayan nan ƙauyukan iyaka ba su da kwanciyar hankali. Ta kudu, tsallaken kogi, Malanbil ce da arewacin Benin, inda a watan Afrilu na 2025 gwamnatin ƙasar da kanta ta tabbatar da mutuwar sojojinta 54 a yankin gandun dajin W. Ga kuma shi kansa kogin Isa, wanda ke ciyar da mu kuma yake korar mu. Ambaliyar 2024 ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya da rabi a faɗin Nijar, ta kashe kusan 400, har aka ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda wasu azuzuwan sun rushe, wasu kuma mutane na kwana a ciki. Alƙaluman HCR na 2025 sun nuna mutanen da aka raba da muhallinsu a Nijar, ƴan ƙasa da baƙi, sun haura dubu 900.

Idan aka ce ƴan gudun hijira, hankalinmu kan tafi sansanin Sayam Foraj na Difa, ko ƙauyukan da aka tsugunar da mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina a jihar Maraɗi tun daga 2019, irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A nan Gaya waɗanda nake gani ba layin tantuna suke ciki ba. Suna ɗakin baya na gidajenmu, suna kangayen da ba a gama ginawa ba, suna rumfunan bayan tasha. Shi ya sa ba a ganinsu. Shi ya sa kuma nauyinsu, da kuskuren da ake yi musu, duk a hannunmu yake.

Bari in ba ku misali na biyu, wanda ya fi na Inna zafi.

A unguwarmu wani magidanci ya sauka wajen ƙanensa. Manomi ne. Daren da aka shiga garinsu ya ɗaga hannun dama ya kare kansa, adda ta sauka a kai. An ɗinke, ciwo ya warke, an gode Allah. Amma hannun ya yi wajen wata biyu a naɗe, ba wanda ya ce masa ya riƙa motsa yatsun, ba wanda ya ɗaura masa abin da zai riƙe su a miƙe. Da aka kwance, yatsu uku sun ƙage sun dunƙule.

A takardar asibiti wannan mutum ya warke. Amma ku yi tunani a matsayinku na ƴan ƙasar nan. Hannun dama ne. Da shi ake cin tuwo, da shi ake gaisawa, da shi ake miƙa kuɗi a karɓi canji. Na hagu kowa ya san aikinsa. Mutumin nan ya daina zama cin abinci da maza a zaure, don ba zai sa hagu a kwanon da wasu ke ci ba. Sai a kai masa nasa ɗaki. Ya daina zuwa majalisa don kada a miƙo masa hannu. A masallaci yakan tsaya sahun ƙarshe, ana sallamewa ya fice. Magidanci mai ƴaƴa shida ya koma kamar mai takaba. Wace ƙwaya ce za ta yi maganin wannan? Wane buhun shinkafa?

Abin da muka iya yi kaɗan ne. Ƙawata ta duba hannun ta bidiyon WhatsApp, ta gargaɗe mu da babbar murya kada kowa ya ce zai miƙe yatsun da ƙarfi, don ana iya tsinka abin da aka ɗinke a ƙara lalata shi. Ta kwatanta mana cokali mai kaurin ƙota da maɗauri da zai zagaya bayan hannu. Wani mai walda na bakin kasuwa ya lanƙwasa ƙarfen, muka naɗe ƙotar da robar tayar babur. Daga baya maƙeri ya yi wa fartanyarsa irin wannan maɗauri. Duka abin bai kai jika biyu ba. Ranar da ya fito zaure ya zauna da cokalinsa a hannun dama, ƙanensa ya tashi ya shiga gida don kada a ga hawayensa.

Yatsun dai ba su dawo ba. Ƙawata ta ce da an same shi a makonnin farko, da wataƙila an ceci mafi yawan motsinsu. Wannan "da" ɗin ita ce ke hana ni barci. Mutum nawa ne a tsakanin Tunuga da Bengu da Yelu suke ɗauke da irin wannan "da"? Yaron da ya faɗa wuta a bukkar da aka yi girki a cikinta, fatar ta warke ta manne masa hannu da ƙirji don ba a san yadda ake kwantar da mai ƙuna ba. Tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kama bayan gudu, wanda ke rage cin abinci da gangan don kada ya bukaci salga, tunda ba ya iya tsugunawa kuma yana jin kunyar surukarsa ta riƙe shi. Kujera mai rami a tsakiya, wadda kowane kafinta a Gaya zai iya yi kafin azahar, ita ce tsakaninsa da mutuncinsa.

Ga yara kuma. Aikin yaro wasa ne da karatu. Jikan Inna namiji, ɗan shekara bakwai, da ya zo ba ya wasa ko kaɗan. In an buga ƙofa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin gado. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar a 2019 cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda ke zaune inda ake rikici yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, daga baƙin ciki mai tsanani zuwa firgici. Mu a nan sai mu ce yaro ya yi gamo, ko mu ce miskili ne. Ba na raina addu'a, muna yi kuma za mu ci gaba. Amma abin da na gani da idona shi ne yaron ya fara sakewa ranar da aka ba shi aikin ba awakin gidan dusa kowace safiya, aikin da yake yi a garinsu. Daga awaki ya koma ƙwallo da yaran layi, daga ƙwallo ya yarda aka kai shi lakwal.

Na san abin da wasunku za su ce, don an riga an faɗa mini a fuska.

Na farko: mutane na jin yunwa kina maganar cokali. Gaskiya ne, ciki shi ne gaba, kuma ba wanda ya ce a daina rabon abinci. Amma ku duba inda abincin ke fitowa. Tun Janairun 2025 Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin da take bayarwa a duniya, ƙungiyoyin agaji ko'ina suna rage ma'aikata da buhuna. Wanda aka mayar wa hannunsa zai ci da kansa har ya ci da wasu. Wanda aka bari a ɗaki, kullum sai an kai masa, kuma ranar da buhu ya yanke, shi da mai masaukinsa za su kwana da yunwa tare. Ko da lissafin kuɗi kaɗai za a yi, jika biyu na fartanya sun fi arha.

Na biyu: ai ana koya musu sana'a. Mun sha gani. A tara mata a rumfa, a yi musu kwana kaɗan na haɗa sabulu ko ɗinki, a raba keken ɗinki, a ɗauki hoto da babban allo a baya. Bayan wata biyu ka ga keken a kasuwa. Ba butulci ba ne. Ba a tambayi matar ba ko ta taɓa sha'awar ɗinki, ba a duba ko idonta na gani ko bayanta na jure zama ba, ba a lissafa teloli nawa unguwa ɗaya za ta iya ɗauka ba. Matar da ta shekara talatin tana cura fura ba ta zo hannu wofi ba, da iliminta ta zo. Abin da na koya daga ergoterapi shi ne a fara da tambaya: me kike yi da can, me ya hana ki yanzu, me za a gyara ki koma? Wani lokaci amsar jari ce, wani lokaci tabarau, wani lokaci wuri a bakin kasuwa, wani lokaci kuma wanda zai riƙe mata jariri na awa uku.

Na uku, kuma shi ya fi nauyi: mu ƴan gari fa? Wannan ƙorafi ba na wasa ba ne a Gaya. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, gadar da ta haɗa mu da Malanbil ta rufe. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, an buɗe iyakar Najeriya a Maris, amma gadar ta ci gaba da zama a toshe, mutane da kaya sai ta jirgin ruwa. Duk wanda ya san Gaya ya san me gadar nan take nufi: ƴan dako, masu fiton kaya a duwan, ƴan kabu-kabu, masu tuwo-tuwo, masu gyaran taya, yaran mota. Dubban mutane sun rasa yininsu ba tare da sun bar ƙofar gidansu ba. Ku je majalisun shayi da ƙarfe goma na safe ku ga samari majiya ƙarfi a zaune, ku tambayi masu kemis wace ƙwaya aka fi nema a ɓoye. Ciwon Inna ne, sai dai su ba su yi gudu ba. Don haka duk abin da za a yi, a yi shi ga baƙo da ɗan gari tare. A ƙauyukan Maraɗi da na ambata, rijiya da makaranta da asibiti na kowa da kowa ne, kuma wannan dabara ce mai kyau. In aka ware baƙo aka ba shi, aka bar mai masauki yana kallo, gaba aka shuka.

Na huɗu: ba mu da masanan. Gaskiya ne, ƙalilan ne ƙwarai, kuma ayyukan gyaran gaɓoɓi sun taru a manyan birane, alhali daga Gaya zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 300 ce. Ƙungiyar CICR, wadda ta daɗe tana tallafa wa sashen ƙafafun roba na babban asibitin ƙasa da ke Yamai, hukumomi sun umarce ta ta bar ƙasar a farkon 2025. Ba zan shiga gardamar dalili ba a nan. Abin da zan ce shi ne, in mun ce mun karɓi ragamar ƙasarmu, to har da wannan nauyin muka karɓa. Ƴancin kai ba ya tsayawa kan uraniyom da man fetur, ya haɗa da wa zai yi wa manomin Dandi abin riƙe fartanya. Kuma ba daga sama za a fara ba. A Danja, kusa da Maraɗi, cibiyar kutare da masu yoyon fitsari ta daɗe tana haɗa jinya da koya wa mutum yadda zai koma rayuwarsa. A Lome akwai makarantar da ke horar da masu kine da masu haɗa ƙafafun roba daga ƙasashen da ke amfani da Faransanci. A Najeriya ana koyar da ergoterapi a Oshodi ta Legas da jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife. Hanya a buɗe take, niyya ce ta rage.

Kuma ba alfarma muke roƙo ba. Nijar ta yi dokar kanta ta kare waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin gida, doka mai lamba 2018-74 ta 10 ga Disamban 2018, wadda ta biyo bayan yarjejeniyar Kampala ta 2009. Mun amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa tun 2008. A watan Mayun 2023 babban taron OMS ya zartar da ƙudurin da ke kiran ƙasashe su sa gyaran gaɓoɓi da mayar da mutum ga ayyukansa cikin tsarin lafiya tun daga matakin farko, har da lokacin bala'i. Takardu muna da su. A Gaya muke so mu gan su.

Ga abin da nake ganin za a iya yi, ba sai an jira wani daga waje ba.

Duk inda ake rubuta sunayen waɗanda suka yi gudu, ko a ma'aikatar magajin gari ko wajen mai unguwa, a ƙara tambaya biyu a kan "ku nawa ne": wane aiki kake yi a gida, kuma akwai abin da jikinka ya daina iya yi? Ba ta cin ko dala, amma ita za ta nuna wa ke bukatar me.

A tabbatar asibitin gundumar Gaya yana da ma'aikacin gyaran gaɓoɓi na dindindin, mai fita zuwa CSI na ƙauyuka, kuma a koya wa masu jinya da ƴan sa-kai na unguwanni abubuwan farko: yadda ake kwantar da mai ƙuna, lokacin da ya kamata a fara motsa hannun da aka ɗinke, alamun da ke cewa a tura mutum gaba da gaggawa. Wanda ya sami rauni kada a sallame shi da "ya warke" sai an tambaye shi ko yana iya ci, ya yi tsarki, ya yi aikinsa.

A tara maƙera da kafintoci da masu walda da dukawa da teloli na garin nan, masani ya zauna da su ya nuna musu ma'auni. Hannun da ke gyara kamyon da ya taso daga Kwatano ba zai gaza yin sandar dogarawa ko kujerar makewayi ba. Wannan kuma aiki ne ga samarin da gada ta zaunar.

Sarakunanmu da masu filaye su duba aron gona da fadama na daminar bana ko na rani, da sharuɗɗa a fili gaban shaidu don kada a yi rigima gobe. Allah ya ba yankin nan ruwan sama fiye da ko'ina a Nijar, ga shinkafa, ga rake, ga rogo, ga giginya, ga gishirin Foga. Manomin da ya yi gudu ƙasa yake nema kafin komai. Masunci kuma a bar shi ya shiga ruwa.

Gwamnati ta ware guraben karatu na wannan fanni, ta kuma buɗe shi a makarantun lafiya na ƙasa. Ku kuma ƙannena da kuka ci bak kuna neman abin karantawa, ga fanni nan da ba cunkoso, kuma ƙasarku za ta daɗe tana bukatarsa.

Saura mu. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma baƙin yanzu ba su san ranar komawa ba, wasu shekara ta zagayo suna nan. Karɓar baƙon kwana uku daban, zama da wanda aka kora daga gidansa daban. Na farko hutu yake so. Na biyu in ka hutar da shi ka gama da shi.

Inna yanzu tana cura fura a ƙofar gidanmu. Ƴan kabu-kabu sun gano ta, kafin azahar ta sayar. Tsohuwar ƙwaryar nan da ta ƙi bari a baya, a cikinta take dama wa wanda zai sha a nan. Ba ta warke daga komai ba. Shanunta ba su dawo ba, wani dare har yanzu ina jin kukanta, kuma kullum maganarta ita ce yaushe hanya za ta yi kyau ta koma. Amma tana barci, tana ci, tana yi wa ƙanwata faɗa kan ba ta iya surfe ba. Ran nan ta kira ni ta ƙulla mini dala ashirin a bakin zane, ta ce in sha ruwa a hanya. Na buɗe baki zan ce haba Inna, sai na tuna. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya.

Idan akwai wanda ya yi gudu ya sauka gidanku ko layinku, yau da yamma ku je ku gaishe shi, ku zauna, ku tambaye shi abin da yake fara yi da asuba can gida. Ku saurara har ya gama. Sannan ku duba me ke hannunku da za ku mayar masa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa.